Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Wata Motar Noma Mai Tsawon Rai



In kun taɓa bi ta bayan wani tsohon gidan gona na gwamnati, ko ta garejin wata ƙungiyar manoma, wataƙila kun ga motar noma a yashe. Ita ce ake kira tarakta. Tayoyinta sun sace, tsatsa ta ci jikinta, kaji na ƙwai ƙarƙashinta. In kun tambaya, sai a ce maku: "Ai ta mutu."

To, a Ingila da Amurka da Ostareliya akwai mutanen da ba su yarda da wannan magana ba. Su irin waɗannan taraktoci suke nema. Su saya, su kai gida, su kwance su ƙarfe-ƙarfe, su gyara, su tada su. Akwai taraktocin da suka haura shekara 70, yau ga su suna noma. A shekarar 2022 an yi gwanjon wata tarakta ƙirar Case a Amurka. An ƙera ta tun 1913. An saye ta dala miliyan 1 da dubu 470. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuɗin sun kusa miliyan 900 na sefa.

Ƙaƙa aka yi tarakta mai shekara 70 take tashi, wata kuma mai shekara 7 take kwance? Tarihin wata ƴar ƙaramar tarakta zai ba mu amsa. Ku biyo mu sannu a hankali.

Daga doki zuwa inji

A da, manoman Turai da Amurka da dawaki da alfadarai suke huɗa. Wajen 1918, dawaki da alfadaran gonakin Amurka sun fi miliyan 25. Doki kuwa, ko ya yi aiki ko bai yi ba, sai ya ci. Don haka manomi yakan ware wani yanki na gonarsa, abincin dabbobi kaɗai yake nomawa a ciki.

A 1892 wani mutum mai suna John Froelich, a jihar Iowa ta Amurka, ya haɗa wata mota mai shan isansi, mai tafiya gaba da baya. Da ita ya riƙa jan injin sussuka gona-gona. Taraktocin farko manya ne ƙwarai, ga nauyi, ga tsada. Sai mai babbar gona ke iya sayensu.

A 1917 Henri Ford, mai gidan ƙera motoci, ya fito da ƙaramar tarakta mai suna Fordson. Tana da araha, manoma suka yi ta saye. Amma tana da mugun aibi. A lokacin, garma a baya ake ɗaura ta, tarakta ta ja ta kamar yadda shanu ke jan garma. In bakin garma ya kama dutse ko saiwar itace, sai garma ta tsaya cik. Inji kuwa bai tsaya ba. Sai gaban tarakta ya tashi sama, ta kife da baya, ta danne direba. Manoma da yawa sun rasa rayukansu ta wannan hanya.

Dabarar Hari Ferguson

An haifi Hari Ferguson a 1884, a wani ƙauye na arewacin Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Ɗan manomi ne. Ya bi bayan doki da garma tun yana yaro, kuma bai ji daɗin wannan wahala ba. Ya tafi birnin Belfast ya koyi gyaran motoci a garejin wansa. A 1909 har ya ƙera jirgin sama da hannunsa, ya tashi da shi.

Lokacin yaƙin duniya na farko abinci ya yi ƙaranci. A 1917 hukumar gona ta ƙasarsa ta sa shi zagaya ƙauyuka, yana duba taraktoci, yana nuna ma manoma yadda ake huɗa da su. A nan ya gane inda matsala take. Ya ga laifin yana ga yadda ake ɗaura garma.

Ya kwashe shekaru yana gwaji. Daga ƙarshe ya samo dabara. Maimakon a ja garma daga nesa, sai ya manna ta ga jikin tarakta da hannuwan ƙarfe uku: biyu a ƙasa, ɗaya a bisa. Na ƙasa suna ja, na bisa yana tokarewa. Ga amfaninsu:

Na ɗaya, in ƙasa ta yi tauri, ƙarfin da ke riƙe garma yakan koma bisa tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. Ke nan tarakta marar nauyi tana iya aikin mai nauyi.

Na biyu, hannun bisa yana danne gaban tarakta. Ko garma ta kama dutse, gaba ba ya tashi. Tayoyin baya su yi ta juyawa wuri ɗaya, direba ya tsira.

Na uku, akwai famfo mai tura mai da ƙarfi cikin tarakta. Da shi direba ke ɗaga garma ko ya sauke ta, da hannu ɗaya, yana zaune. In garma ta shiga wuri mai tauri, famfon da kansa yake ɗan ɗaga ta, don kada inji ya shaƙe.

Ku duba bayan kowace tarakta da kuka gani yau. Kusan duka za ku tarar da waɗannan hannuwa uku.

Cinikin da aka yi da musafaha

A 1936 aka fara ƙera taraktar Ferguson a Ingila, amma ba a sayar da yawa ba. A 1938 sai ya ɗauki guda ɗaya ya kai Amurka, ya yi huɗa da ita gaban Henri Ford. Gani ya kori ji. Ford ya sa aka kawo tebur da kujeru cikin gonar, suka zauna suka yi ciniki. Ford zai ƙera, Ferguson zai sayar. Ba su rubuta komi ba. Hannu kaɗai suka ba juna.

Cinikin ya yi albarka. Daga 1939 zuwa 1947 an ƙera taraktoci kimanin dubu 300. Amma da jikan Ford ya karɓi ragamar gidan, sai ya ce bai san da wannan magana ba. Ya ci gaba da ƙera tarakta da dabarar Ferguson, ya cire shi daga ciki. Ferguson ya kai ƙara a 1948. Sai 1952 aka sasanta, aka biya shi dala miliyan 9 da dubu 250. Shekara huɗu ana shari'a, don ba a rubuta alkawari bisa takarda ba.

Haihuwar Ƴar Toka

Kafin wannan rigima ta yi nisa, Ferguson ya riga ya samu wani wuri a Ingila. A birnin Coventry akwai wata babbar masana'anta da ta ƙera injunan jiragen sama lokacin yaƙin duniya na biyu. Yaƙi ya ƙare, wuri ya zama fanko. A nan, cikin watan Yuli na 1946, sabuwar tarakta ta fito. Sunanta TE20. Fentinta launin toka ne. Turawa suna yi mata laƙabi da Fergie. Mu a nan bari mu kira ta Ƴar Toka.

Ƙarama ce. Ƙarfinta kimanin na doki 20 ne, nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba. Tana shiga ƙaramar gona, tana juyawa a matsattsen wuri. Na farko isansi suke sha. Daga baya aka yi masu shan wani mai dangin kananzir, a 1951 kuma aka yi masu shan gazuwal. An ƙera mata kayan aiki iri-iri: garma, mashuki, mayankin ciyawa, zarton itace, maginin rami da tirela ta ɗaukar kaya. Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera guda 517,651. An kai su ƙasashe da dama. Manoma da yawa a Turai, ita ce ta raba su da doki.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe. Ferguson ya tsara ta don manomi ya iya gyara ta da kansa. Ana sayar da ita tare da sifana guda ɗaya, wato ƙarfen kwance noti, mai baki biyu. Mafi yawan notunan da manomi ke taɓawa, na tarakta da na garma, girma biyu kaɗai aka yi su, daidai bakunan wannan sifana. A jikin sifanar kuma an zana awo. Da ita ake auna zurfin huɗa, da ita ake auna man da ya rage cikin tanki. Akwai kuma littafi mai nuna kowane ƙarfe da lambarsa.

A 1953 gidan Ferguson ya haɗe da wani gida na Kanada mai suna Massey-Harris. Daga nan sunan Massey Ferguson ya fito. Hari Ferguson ya rasu a 1960.

Ruwa da ƙanƙara

Labari biyu za su nuna maku ƙwazon Ƴar Toka.

A Ostareliya akwai wani gari mai suna Wentworth, inda manyan koguna biyu suke haɗuwa, Murray da Darling. A 1956 duka biyun suka cika suka tumbatsa. Ruwa ya kewaye garin wata da watanni. Manyan injuna sun yi nauyi, ba su iya hawa bisa ganuwar ƙasa da aka yi don tare ruwa. Sai manoma suka fito da ƙananan taraktocinsu. Dare da rana suna kwasar ƙasa, suna ƙara ma ganuwa tsawo, suna toshe inda ta ɓalle. Garin ya tsira. A 1959 mutanen garin suka gina ma Ƴar Toka dutsen tunawa a tsakiyar gari.

Na biyu ya faru a can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komi sai ƙanƙara. Wani ɗan ƙasar Niyuzilan mai suna Edmund Hillary ya ɗauki taraktocin Ferguson uku, aka sa masu sarƙa bisa tayoyi. Ya tashi cikin watan Oktoba na 1957. Ya yi tafiyar kilomita kimanin 2000 cikin sanyin da ke daskarar da mai. Ran 4 ga Janairu na 1958 ya isa tsakiyar ƙurewar kudu. Kafin su, babu motar da ta taɓa zuwa can ta ƙasa. In abu ya lalace a hanya, nan take suke gyarawa, don taraktar ba ta da wuyar sha'ani.

Gujiyar Tanganyika

A daidai waɗannan shekaru, wani labari dabam ya faru a Afirka. A 1947 gwamnatin Ingila ta ƙudura noman gujiya a Tanganyika, ƙasar da yau take cikin Tanzaniya. An yi niyyar share daji sama da hekta miliyan ɗaya. Aka kwaso manyan injuna, waɗansu ragowar yaƙi ne. Har tankokin yaƙi aka mayar motocin noma.

Ba a jima ba injuna suka fara tsayawa. Saiwoyin itatuwa suna karya su. Ƙasa in ta bushe takan yi tauri, ta cinye bakin garma. Kayan gyara ba su zuwa kan lokaci. Ƙwararrun makanikai ba su isa ba. Ruwan sama kuma bai wadata a wurin ba. A 1951 aka yi watsi da aikin, bayan hasarar fam miliyan 36 na Ingila. Injuna suka zauna cikin daji suna tsatsa.

Ku gwada labaran nan. A Wentworth inji ƙarami ne, mai shi ya san shi ciki da waje, kayan gyara na kusa. A Tanganyika inji babba ne, an kawo shi wurin da bai dace da shi ba, babu mai gyara, babu abin gyara.

Masu tada tsofaffin taraktoci

A Amurka, a 1954 yawan taraktoci ya wuce na dawaki da alfadarai cikin gonaki. Daga nan taraktoci suka yi ta ƙara girma. Aka tura tsofaffin cikin rumfuna da bayan shinge. Waɗansu aka sayar ma masu narka ƙarfe.

Da tafiya ta yi nisa, sai ƴaƴan manoma da jikokinsu suka fara cigiya. Wani yana neman irin taraktar da ubansa ya koya masa tuƙi da ita. Wani yana neman ainihin wadda kakansa ya sayar. Suka kafa ƙungiyoyi, suna taro, suna musayar kayan gyara da shawara. Ga yadda suke aikin:

1. Suna fara karanta lambar da aka buga bisa ƙaramin allon ƙarfe a jikin tarakta. Ita ke faɗin shekarar da aka ƙera ta, da irin kayan da suka dace da ita.

2. In inji ya ƙame, ba su tilasta shi. Sukan cire buji, su zuba mai ko gazuwal ta ramin, su bari ya jiƙa kwana da kwanaki. Kullum su ɗan gwada juya shi da hannu, har ya saki. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Kafin su kwance komi, suna ɗaukar hoto. Kowane noti da aka cire, a sa shi cikin gwangwani, a rubuta inda ya fito.

4. Suna wanke kowane ƙarfe, su auna shi, su gwada da awon da ke cikin littafi. Wanda ya cinye a sake shi. Wanda ke da sauran rai a mayar da shi.

5. Suna gyara birki, da sitiyari, da famfon ɗaga garma. Fenti shi ne na ƙarshe. Mai hankali ba ya fara shafa fenti bisa injin da ba ya tashi.

Aikin yakan ci shekara ɗaya, ko biyu, ko fiye. Sau da yawa kuɗin gyara sun fi kuɗin da za a sayi taraktar. Don haka mafi yawansu ba riba suke nema ba. Tsadar da kuka ji a farko ta taraktocin da suka rage ƴan kaɗan ce a duniya. Ƴar Toka kuwa tana da yawa, talaka ma yana iya mallakarta.

Har gardama suke yi tsakaninsu. Waɗansu sun ce a gyara ta, a fente ta, ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Waɗansu sun ce a'a, a gyara inji kaɗai, a bar mata tsohon fentinta da tabon aikinta, don su ne tarihinta. Amma duka sun yarda da abu ɗaya: tarakta sai ta yi aiki. Shi ya sa suke shirya gasar huɗa, a ga wanda layinsa ya fi miƙewa. Suna kuma jerin gwano bisa hanya don tara taimako ma asibitoci da mabukata. A 2016, da Ƴar Toka ta cika shekara 70, taraktoci 70 suka yi jerin gwano cikin birnin Coventry. Masana'antar da ta haife ta ta daina ƙera tarakta tun 2002, amma har yau waɗansu gidaje suna ƙera mata sababbin kayan gyara, don masu saye suna nan.

Sabuwa mai kwamfuta

Taraktocin zamani sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma cikinsu akwai kwamfuta. In wani abu ya lalace, sau da yawa sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa kafin inji ya tashi. Manomi na iya kwana biyu ko uku yana jira, ga amfanin gona ya nuna. Wannan ya sa waɗansu manoman Amurka suka koma sayen taraktocin shekarun 1970 da 1980, waɗanda suke iya gyarawa da hannunsu. Suka kuma kai kuka ga hukuma. A 2023 jihar Colorado ta yi doka: dole kamfani ya ba manomi littafi, da kayan gyara, da hanyar shiga kwamfutar taraktarsa. Abin da Ferguson ya ba manomi tare da sifana ɗaya a 1946, yau sai da doka ake samunsa.

Mu kuma fa?

Ƴar Toka ta bar zuri'a. Bayanta aka yi Massey Ferguson 35, sannan 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Tsofaffinsu da yawa an kwaso su daga Turai an kawo Afirka. A Pakistan da Indiya kuma ana ƙera taraktoci bisa wannan tsohon tsari. Jajayen taraktocin da kuke gani suna huɗar fadama, da yawansu jikokinta ne.

Mu ma mun san wannan darasi a gida. Ku dubi amalanke da garmar shanu. An ƙera su a Dosso da Tawa da Damagaram, suka bazu cikin karkara. Mi ya sa suka zauna da gindinsu? Don in sun karye, maƙerin gari ko mai walda na kasuwa yana gyarawa.

Saboda haka, in ƙungiyarku ta tashi sayen tarakta, ko injin niƙa, ko injin ban ruwa, ku zauna ku amsa tambayoyin nan tukuna:

Wa zai gyara shi, kuma ina yake zaune?
Ina ake sayar da kayan gyaransa, kuma kwana nawa suke yi kafin su iso?
An ba ku littafinsa? Wa zai adana shi?
Nawa za ku riƙa warewa daga kuɗin haya don mai da gyara?
Ya dace da ƙasarku? Jigawa mai rairayi ba ta son huɗa mai zurfi, don iska na kwashe ta.

In tsohuwa za ku saya, ku tada ta da sanyin safiya, ku dubi hayaƙi. Shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Ku zaro sandar awon mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga ciki. Ku ɗaura garma, ku ɗaga ta, ku ga ko za ta tsaya sama. In kun saya, ku riƙa share matacin iska, musamman lokacin ƙura. Ku sake mai kan lokaci, ku rubuta ranar cikin littafi. Ku yi mata rumfa. Kada ku ɗauki yara bisa laka ko bisa garma. Rigakafi ya fi magani.

Taraktar nan da ke yashe bayan gari kuma, kafin a sayar da ita ma masu awon ƙarfe, ku kira makanike ya duba. Ku karanta lambarta, ku tambayi kuɗin abin da ya lalace. Wani lokaci inji ne ya fashe, gyara ba ya biya. Wani lokaci kuma famfon gazuwal ne kaɗai, ko batir, ko taya biyu. Sai an duba ake sani.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu damina mai albarka.